Saniyar da Aka Hana Kanwa

Dibi, farkon damina

Zuwa ga Hamajoda, jikana, angona da ya gudu ya bar ni,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a ƙasar sanyi. Ni ce kakarka Jebba nake magana, Dewa tela ke rubutawa, daga kan kekensa na tayar da shi. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mini kwalliya. Muna lafiya. Gwiwar nan tana nan, in hadari ya haɗo ita ke fara gaya mini. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, an shuka masara.

Saƙonka ya iso, da takardun nan masu ƙananan rubutu, da hoton saniyata Nyawe. Dewa ya karanta mini inda ka ce abin da ka rubuta a kan shanunmu da abincinsu da nononsu, masana na ƙasashe sun ambace shi a nasu rubutun fiye da sau arba'in, har malaminka ya yi maka barka. Dewa sai murna yake, wai ka zama babban mutum. Ni kuwa, Joda, ban ga abin murna a ciki ba.

Mutum arba'in! Bakin mutum arba'in a kan saniya ɗaya? Kai da ka tashi a gabana, yaushe ka taɓa jin na faɗi yawan nonon da na tatsa? In na cika ƙwarya rufe ta nake yi da faifai in bi ta bayan ɗaki. Ko Goggo Dudu da muke danga ɗaya tun muna amare, in ta leƙo ta ce yaya Nyawe, cewa nake yi tana nan tana cin dusa a banza. Kai kuma ka zo da ma'auni da rana tsaka, ka auna, ka rubuta, ka raba wa duniya.

Ba ka nan a haihuwarta ta bara waccan, shi ya sa. Ta haihu lafiya, washegari sai ga ta a ƙasa, ta naɗe wuya a kan haƙarƙari, kunnuwa sanyi kamar randa. Na kira ta ba ta ɗago ba. Da malamin dabbobi bai biyo ta kasuwa ranar da kwalbarsa ba, da tuni an yanka ta. Kuma yaushe ke nan? Bayan aunawarka.

Ka san wace ce Nyawe. Kakarta ita ce karsanar da innata ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki. Ubanta ne kawai baƙo, bijimin da aka kawo irinsa a cikin tsinken roba daga ƙasar Turawa aka ɗura wa uwarta. Duk sauran sun tafi, na ciwo na ciwo, na kasuwa na kasuwa. Ita kaɗai ta rage mini daga hannun innata, kuma da nononta nake cefane.

Yanzu tana da ciki, haihuwa ƙarshen damina. Don Allah, angona, ka bi mutanen nan ka karɓo takardunka. Ka ce musu kuskure ka yi, saniyar ba ta da wani nono. Ni ma ban zauna ba, na karɓo laya na ɗaura mata a wuya, na ƙara mata kanwa safe da yamma don ta yi ƙarfi.

Ka riƙa rufe kirjinka. Allah ya tsare.

Kakarka, Jebba

*

Ren, Faransa

Zuwa ga Maama, amaryata mai rowar nono,

Na gaishe ki da kyau. Ina lafiya, sai kewar kindirmonki. Na nan ƙasar a roba yake, ba ya da ƙamshin ƙwarya. Gwiwar nan ki kai ta asibiti, ki daina jira sai ta faɗi ruwa. A gaida Dewa, a gaida Goggo Dudu.

Maama, na yi dariya, daga baya kuma na ji kunya, don na san ba wasa kike ba. Takardun ba sa karɓuwa, sun riga sun shiga ɗakunan karatu. Amma ki kwantar da hankalinki. Babu sunan Nyawe a ciki, babu naki, babu na Dibi. Lamba ce kawai a cikin shanu masu yawa. Hoton kuwa ke kaɗai na aika wa. Masu ambaton nan ba yabonta suke yi ba. In wani yana bincike a kan abincin shanu ya ga aikina ya taimake shi, sai ya rubuta cewa daga wurin wane na samu. Wasu ma don su ce na yi kuskure suke ambata na.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Dewa, don Allah karanta mata nan a hankali. Ba baki ne ya kayar da Nyawe ba. Akwai wani abu a cikin jini, shi ke riƙe ƙafafu, shi ke ƙarfafa ƙashi, shi ne kuma ke fita a nono. Ranar haihuwa dakashi kan kwashe shi daga jini gaba ɗaya. Jiki yana da rumbunsa a cikin ƙashi, sai ya buɗe ya ɗebo. To kanwa mai yawa kafin haihuwa ita ke sa ƙofar rumbun nan ta cije. Shanun innarki ba sa faɗuwa don nononsu bai kai ya kwashe jinin ba. Nyawe kuwa nonon dangin ubanta ta ɗauko, ga shi ta manyanta, haɗarin ya fi na wancan karon.

Abin da nake roƙo: daga ranar da kika ga hantsarta ta fara cika, ki ɗauke kanwar nan gaba ɗaya. Ciyawa, dusa, ƙulin auduga kaɗan, ruwa mai yawa. Bayan ta haihu ta yi 'yan kwanaki a tsaye, ki ba ta yadda take so. Layar ki bar mata, ba ruwana da ita. Ki kuma gaya wa malamin dabbobi tun yanzu ya san lokacin.

In ta haihu lafiya, ki sa a rubuto mini duk yadda aka yi. Zamana a nan zai ƙare ƙarshen shekara, masu ba da aiki kuma rubutu suke dubawa da yawan masu ambatonsa. Ina so in dawo in gwada wannan a kan shanun Dibi. In mata suka ga ta Jebba ta tashi, za su yarda a gwada da nasu, ni kuma in samu abin rubutawa.

Angonki, Hamajoda

*

Dibi, masara ta kai gwiwa

Hamajoda,

Gaisuwa. Muna lafiya. Dewa ke rubutawa.

Na sa an karanta mini wasiƙarka sau biyu, ƙarshenta kuma sau uku. Ashe nan maganar take. Ka yi ta zagaye da rumbu da ƙofa, ashe abin rubutawa kake nema. Bakin arba'in bai ishe ka ba, sai ka ƙaro. In hana saniyata kanwa tana da ciki, in ta tashi ka rubuta, in ta faɗi ma ai ka samu abin rubutawa. Ko ba haka ba?

Tun da nake ban taɓa jin wanda ya hana mai ciki kanwa ba. Kakanka kwana da kwanaki yake kora shanu zuwa rijiyar kanwa, su sha su dawo suna sheƙi. Shi bai san shanu ba? Mai rowa ma, wanda ba ya ba baƙo ruwa, yana ba saniyarsa kanwa. Da wane ido zan dubi Nyawe? Da wane ido mutanen Dibi za su dube ni?

Ni na goya ka bayan rasuwar uwarka. Nonon uwar Nyawe ka sha har ka yi wayo. Yau ita ce lamba.

Ba zan yi ba. Dewa, rubuta da manyan baƙaƙe. BA ZAN YI BA.

(Ni Dewa na ce, ɗan'uwa, ka yi haƙuri, tsohuwa ta yi kuka a shagona har na kasa gama rigar mutane. Ni ma dai a ganina kanwa ba ta taɓa kashe saniya ba.)

Na ga ya ƙara wani abu, ya ce gaisuwa ce. To. Akwai wani direba da zai kai wa ɗan gidan liman kaya Yawunde, yaron kuma zai taho wajenku. Na ba direban man shanu a kwalba da kilishi. Ka ci kai kaɗai, kada ka auna shi.

Jebba

*

Dibi, an fara cin ɗanyar masara

Zuwa ga Joda, angona,

Ina gaishe ka, ina gaishe ka, ina ƙara gaishe ka. Kana lafiya kuwa? Wannan hannun Madam Odil ne, ungozomar asibitinmu. Na kawo gwiwar kamar yadda ka ce, ta ba ni abin shafawa, na roƙe ta ta rubuta mini. Dewa na daina zuwa wurinsa, abin da na faɗa a shagonsa da safe kafin azahar yana bakin mahauta.

Joda, shiru ya yi yawa. Duk ranar kasuwa ina zuwa wurin mai kawo wasiƙu, har ya fara ɓuya in ya hango ni. Fushi kake yi? Ko ciwo? Ko sun kore ka ne kana jin kunyar faɗa? Zuwana na farko na tambayi Madam Odil, na ce 'yata, gaya mini gaskiya, in yaro bai samu abin rubutawa ba sallamarsa za su yi? Ta ce Maama, yana yiwuwa, haka aikinsu yake. Na koma gida na zauna a gindin turke na daɗe. Shekarun da ka yi kana tafiya makaranta a ƙasa, takalmi a hannu don kada ya lalace, duk suka dawo mini.

To ka ji. Hantsar Nyawe ta fara cika, na ɗauke kanwar. Kada ka ce na yarda da maganar rumbunka, ban yarda ba. Har yanzu gani nake kashe ta nake yi da hannuna. Amma na auna, ni ma na iya awo, na ga in za a rasa ɗaya, ba kai ba ne.

Ba ka gaya mini haka abin yake ba. Tana zuwa komi ta shinshina ta ɗago ta dube ni. Tana lasar bangon ɗaki, tana lasar turmi, jiya ta cinye mini gefen zane a kan igiya. In na miƙa hannu zan shafa ta sai ta juya mini baya.

Mutane kuma! Shekaranjiya na fito daga wanka na tarar da Goggo Dudu ta zuro hannu ta danga da dunƙulen kanwa, Nyawe ta miƙa wuya. Na yi kukan kura na fizge.

Ta ce, "Jebba, tsoron Allah fa! In babu ce ki faɗa, ba a jin kunyar maƙwabci."

Na ce, "Akwai, buhu guda a ɗaki."

Ta ce, "To hauka ce ke nan. Tsufa ya zo miki ta ka."

Na ce, "Ke ta ƙafa ya zo miki, shi ya sa kike tafiya kamar agwagwa. Jikana likitan shanu ne a Faransa, shi ya ce."

Ta ce, "Jikan da ko tatsa bai iya ba? Wanda maraƙi ya taɓa kora har cikin ɗakin girkina?"

Gaskiyarta ce, ya kore ka.

Ba ita kaɗai ba ce. Liman ya aiko matarsa da kanwa a ƙulle, wai sadaka. Mahauci ya tsaya a ƙofa yana tambayar lafiyar saniya, na san lafiyar da yake tambaya. Yanzu na dawo da turkenta ƙofar ɗakina, na daina zuwa ko'ina. A da don ɓarayi nake tsaron saniya, yau don masu tausayi nake tsaro. Ko zuwa asibitin nan sai da na kulle ta a ɗakin kakanka.

Madam Odil ta ce in gaya maka ta aika wa malamin dabbobi, ya ce babur ɗinsa ya lalace amma zai yi ƙoƙari. Ka ji irin ƙoƙarin.

Ina jin tsoro, Joda. Ko layi ɗaya ne ka rubuto, ko zagina ne.

Kakarka

*

Ren, Faransa

Maama,

Na gaishe ki. Ina lafiya. Wasiƙarki mai manyan baƙaƙe ta iso yau tare da man shanu da kilishi. Ban auna ba.

Laifina ne. Na haɗa maganar Nyawe da maganar aikina a takarda ɗaya, dole ki ji yadda kika ji. To na raba su. Na je na gaya wa malamina na janye maganar gwaji a Dibi. Bai ji daɗi ba, ya ce ita ce hanyata mafi kusa, na ce na sani. Na yi miki alkawari, Allah shaida, ko Nyawe ta tashi ko ta faɗi, ba zan rubuta ko kalma ɗaya a kanta ba, ba kuma zan sake kawo ma'auni gidanki ba. Aiki in rabona ne zai zo ta wata ƙofar.

Yanzu da ba ni da abin samu a ciki, ina ƙara roƙonki: ki ɗauke kanwar in hantsa ta fara cika. Ba don takarda ba. Don na san in ta faɗi wannan karon da wuya ta tashi, kuma na san ba ita kaɗai za ta faɗi ba.

Kakana ya san shanu fiye da ni. Shanunsa ne ba irin Nyawe ba.

In ta kwanta bayan haihuwa, ki taɓa kunnenta. In da ɗumi kuma tana tuƙa, hutawa take. In da sanyi, a nemo malamin dabbobi ko a goye ne, kada kuma a ɗura mata komai ta baki.

Ba ta taɓa zama lamba a wurina ba, Maama.

Joda

*

Dibi, ana karyar masara

Zuwa ga angona mai taurin kai,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Ina lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Madam Odil ke rubutawa, ta ce in gaya maka hannunta ya gaji da mu.

Wasiƙarka ta iso. Madam Odil ta duba hatimin ta ce tun masara na gwiwa ka aiko ta, a hanya ta yi zamanta. Da ta zo a kan lokaci da na huta da zaryar kasuwa. Ashe ina nan ina hana saniyata kanwa don kada a kore ka, kai kana can kana korar kanka. Wa ya aike ka? Haka kakanka yake, sai ya yanke shawara shi kaɗai ya zo yana jira a yi masa godiya.

Bari in ba ka labari yadda ya faru. Ta haihu da hantsi, ranar Laraba, a tsaye, ta lashe abinta. Malamin dabbobi bai zo ba, har yau babur ake gyarawa. Ban yi murna ba, don wancan karon ma ranar farko lafiya lau ce. Washegari na tatsa kaɗan, na bar wa abin da ta haifa sauran. Wajen azahar sai na ga ƙafafunta na baya suna rawa. Ta taka, ta tsaya, ta durƙusa, ta kwanta.

Joda, ban san na yi ihu ba sai da na ga gidan ya cika. Goggo Dudu ta tsallako danga, ita da ke cewa ba ta iya hawa dakali. Wani ya ce a kira mahauci tun da sauran rai. Dudu ta ce, "Duk wanda ya kira mahauci shi za a fara yankawa." Ta juyo ta ce mini, "Taɓa ta mana, Jebba, kin tsaya kamar turke!" Na ce ba zan iya ba, taɓa min. Lokacin wasiƙarka ba ta iso ba, amma sanyin kunnen nan na wancan karon yana nan a tafin hannuna, na san abin da nake tsoro.

Dudu ta kama kunnen ta riƙe. Ta yi ta shafa shi har na ji kamar in shaƙe ta. Can ta ce, "Da ɗumi." Na ce ƙarya kike. Ta ja hannuna ta ɗora. Da ɗumi, Joda. Muna nan durƙushe mu biyu sai Nyawe ta yi gyatsa a fuskar Dudu ta fara tuƙa. Ta yi kwanciyarta har la'asar, da abin nata ya yi kuka ta miƙe kamar ba ita ba.

Na jira kwanaki kamar yadda ka ce, sannan na fasa buhu na kawo mata kanwa a tafin hannu. Ta ƙi. Ta ci a komi, ta ci a hannun Dudu, nawa ta ƙi. Sai jiya ta yarda, ta lashe har tsakanin yatsu. Na ce mata ba ni ba ce, wani ne a Faransa.

Kada ka yi saurin fasa kai. Dudu ta ce layar ce. Liman ya ce kwana ne bai ƙare ba. Amma ita Dudun da yamma ta zo tana kame-kame, wai baƙar saniyarta mai uba bature tana da ciki, wai yaushe ne ma ake ɗauke abin nan. Matar liman ma ta tambaya.

Saboda haka ka koma wurin malaminka ka ce kakarka ta warware alkawarin. Ai ni aka yi wa, ni ke da ikon kwance shi. Ka zo da ma'auninka. Amma da sharaɗi: a bayan ɗaki za ka auna, ba a gaban mutane ba, kuma kowace lamba ka rubuta ka ce tubarkalla a bayyane ina ji. Masu ambaton nan naka ba zan iya bin su ɗaya-ɗaya ba, na bar su da Allah, zan ƙara mata laya.

Madam Odil ta ajiye alƙalami tana tambayata, wai ban faɗi abin da aka haifa ba, mace ko namiji, kuma nono ya kai yaya. Na ce mata 'yata, ɗauki alƙalaminki. Abin da aka haifa na Joda ne, na ba shi tun yana jiƙe. Amma wannan ba ya shiga takarda. Mai son sani ya hau jirgi ya zo ya ɗaga wutsiya ya duba.

Kakarka, Jebba